Kulolin da Aka Mayar Bakura

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika ta batse, Raliya ta tsaya gaban teburin Anas a layin mahauta. Ta ce ya ba ta ƙashi mai ɓargo da 'yar tsoka, ya yanka mata tsokar ƙanana-ƙanana.

Anas ya dubi tsokar, ya dubi mai sayen. Bakinsa da bai iya shiru ba ya ce, "Malama, kyanwa za ki ba, ko mutane?"

Raliya ta ɗago ido ta watsa masa wani kallo. "Mutane na, kuma kowa za shi ƙoshi. Kai aikinka yanka, ba tambaya ba. In wuƙarka ba ta iyawa, ga tebura nan birjik."

Sauran mahauta suka kwashe da dariya. Anas ya yi tsuru-tsuru, ya sunkuyar da kai yana yanka kamar ɗan makaranta, ya ƙara mata gyara. Ta tsame gyaran ta ajiye masa a kan tebur ta yi gaba. Tun daga lokacin zuciyarsa ta bi ta garinsu Bakura, bai huta ba sai da ya samu lambarta ta hannun wata 'yar uwarsa da suke koyarwa a firamare ɗaya.

Saƙonsa na farko: "Assalamu alaikum Malama. Mai bakin nan na na kasuwa. Na tuba."

Amsarta: "Wa alaikumus salam. Ka tuba ga Allah, ni aiki nikai."

Ba ƙarya ta yi ba. Tun rasuwar mahaifiyarta, Raliya ce ke riƙe da gidan babanta, Malam Sallau. Da safe tana aji, da rana ga ƙanne, ga Kaka da ba ta da haƙori, ga masu aikin gonar shinkafar babanta da ake kai wa abinci fadama. Albashin malamin firamare kuwa kowa ya san tsawonsa. Don haka ta yi wa tukunyarta tsari. Lokacin da tumatir ya yi arha a bakin rafi sai ta saya da kwando, ta yanyanka ta shanya ya zama kauɗa. Ranar Asabar take soya kayan miyar mako gaba ɗaya, ta daka kuka da kuɓewa, ta tsince wake. Ruwan ƙashin da aka dafa yau shi ne miyar gobe, ragowar tuwon dare shi ne ɗumamen safe. Wake da shinkafa, dambu da zogale, fate, ɗanwake, kowanne da ranarsa, kuma ba a taɓa jin wani ya kwana da yunwa a gidan ba.

Ranar da Anas ya fara zuwa zance bayan la'asar, miyar kuka aka kawo masa. Ya cinye, ya suɗe kwanon ba kunya.

"Malamata, mi kinka sa cikin miyag ga?"

"Abin da kac ce na kyanwa na."

"Don Allah ki bar tuna man. Ni dai in wanga na abincin kyanwa, to ki ɗauke ni kiwo."

Ta juya kai don kada ya ga murmushinta, amma ya gani. Soyayya ta kankama, manya suka shiga, aka kai gaisuwa. Sai azumi ya kama, kuma a nan ne abin ya lalace.

Gidan su Anas gidan Rundawa ne, mahauta tun kaka da kakanni, kuma suna da al'adarsu. Idan ɗansu ya yi budurwa, cikin azumi za a zaɓi cinyar sa mai kyau a aika mata. Ita kuma sai ta dafa abincin shan ruwa ta aiko wa surukai, naman nan a ciki manya-manya, yadda duk matar da ta leƙa kula za ta san gidan da aka fito. Anas ya kai cinya har Bakura, amma bai yi mata bayanin komai ba. A tunaninsa duk duniya ta san wannan. Haka maza suke, abin gidansu suke ɗauka dokar ƙasa ce.

Raliya ta ga cinya guda, ta gode wa Allah, ta yi abin da ta saba. Ta soya wani, ta shanya wani, ta ɗebar wa maƙwabta, ta dafa wa Kaka mai laushi. Na surukai kuwa ta ɓata yini a kansa. Ta yi dambun shinkafa da zogale, ta yi farfesu, ta yi miyar taushe, ta yanka naman daidai loma yadda kowane cokali zai ɗauko rabonsa.

Hajiya Larai, mahaifiyar Anas, ta buɗe kulolin a tsakar gida gaban matan dangi. A gefe ga wasu kuloli daga Maradun, na Taiba 'yar wani dillalin shanu, wadda Hajiyar ta daɗe tana yi wa ɗanta sha'awarta. Naman Taiba kowane yanki kamar dunƙulen hannu, yana iyo cikin mai. Hajiya ta sa cokali ta ɗago na Raliya, ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Ku dubi cinyar da munka aika. Wagga ɗiya ta mai da mu mabarata. Ko ta sai da sauran, ko ta hwaɗa ma duniya gidanmu ya ƙare. Anas, ɗauki ka mai da mata abinta."

"Inna, don Allah..."

"Na ce ka ɗauka."

Shi kuwa ya ɗauka. Wannan shi ne abin da ni ma har yau nake jin haushinsa. Yana da hanya mai tsawo tsakanin Mafara da Bakura, da masallatai cike da masu azumin da zai iya ba abincin, amma ya ɗaure kuloli a babur ya kai su har ƙofar gidan Malam Sallau kafin a sha ruwa.

Raliya ta fito da murna, ta ɗaga kula ta ji nauyi. Ta buɗe. Ko loma ba a ci ba. Ta saurari bayaninsa har ƙarshe.

"Da kaz zo da cinya, ka hwaɗa man al'adarku?"

"Na ɗauka kin sani."

"Ni ɗiyar mahauci ta? Da azumi ga bakina nit tsaya bakin murhu tun hantsi. Uwarka ta zage ni gaban mata, na ji, uwa ta. Amma kai? Kai da kas san yadda muke cikin gidan ga, kai ka ɗauko da hannunka?"

"Raliya, umurnin Inna na."

"To ka koma ka jira umurni na gaba."

Malam Sallau, wanda ba a cika jin muryarsa ba, ranar har waje aka ji shi. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin an mayar da abinci cikin watan azumi ba, kuma 'yarsa ba za ta shiga gidan da ake auna mutum da girman tsoka ba. Ya ce a dakatar da maganar aure.

Watanni suka shuɗe, saƙonni suna ta zuwa.

"Malamata, ban iya cin abinci."

"Ga nama nan gidanku, ka ci ka ƙoshi."

"Hasken idona, ki yi man magana ko zagi na."

"Ban da lokaci, wake nike tsinta."

Tana sonsa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Sai ta ji a bakin mutane cewa Hajiya Larai ta je Maradun gidan su Taiba. Zuciya ta ciyo ta, ta rubuta: "Na ji labari. Allah shi ba da zaman lahiya. Kar ka sake nema na." Ta tura, ta zauna tana jiran ya ƙaryata. Amsa ba ta zo ba. A kwanakin ne aka katse layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi. Raliya ta san babu sabis, amma duk da haka kullum sai ta duba wayar ta yi tsaki.

A Mafara kuwa teburan mahauta suka bushe. Gidan su Anas, gida mai cike da 'ya'ya da jikoki, ya wayi gari babu nama. Hajiya Larai ta iya girki, amma girkin wadata ta iya. Ba ta san miyar da ba nama ba. Sai ta zuba mai ta zuba magi, yara su taɓa su ture, a zubar, buhun shinkafa yana ta yin ƙasa.

Wata Juma'a Anas ya hau keke, don mai ya yi wuya, ya taka har Bakura. Raliya ta same shi a zaure ya rame, ya yi baƙi.

"Ina amarya?" ta ce.

"Babu wata amarya. Inna ta tahi Maradun, ni kau na ce mata gaban Baba, in ba ke ba, na haƙura da aure. Tun rannan ba ta amsa gaisuwata. Na rubuto maki, saƙon bai tahi ba."

Wani abu ya sauka daga ƙirjinta, amma ba ta bari fuskarta ta nuna ba. "Mi kuke ci gida?"

Ya faɗa mata gaskiya. Da ta ji ana zubar da abinci a irin wannan lokaci sai sabon faɗa ya tashi. Ta shiga ciki tana mita, ta ƙullo kauɗa da daddawa da garin kuka da busasshen zogale, ta dangwara masa.

"Na yara na. Ba don kai ba, ba don kowa ba."

Washegari gab da azahar sai ga Hajiya Larai da kanta a Bakura, ƙullin a hannunta, ta sha mur. Ta yi sallama a tsakar gida, aka shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama. Raliya ta durƙusa ta gaishe ta kamar yadda ya kamata, Hajiya ta amsa a daƙile.

"Ga kayanki. Ba mu kai ga sadaka ba."

Raliya tana durƙushe, idonta a ƙasa. "Inna, ki yi haƙuri in yi magana. Wancan karon kin maido, na haɗiye. Wanga kuwa abincin jikokinki na. In kin aje shi nan, su za su kwana da yunwa, ba ni ba."

"Ke kin san mi ƙaramin yanka ka nuhi ga gidan Rundawa? Ranar da anka ga tsoka ta ƙanƙance cikin tukunyarmu, an san maigida ya hwaɗi. Ni na ga haka gidan ubana ina yarinya, na ji abin da mata sunka ce. Shi kinka aiko man gaban dangi."

"Ban sani ba, Inna, kuma wanda ya kamata shi hwaɗa man bai hwaɗa ba. Amma nan gidan, tun da uwarmu ta rasu, in na yanka manya, manya ka ci, ƙanana su kalla. Shi ya sa nike yankawa yadda hannun kowa za shi samu. Abin da nike ma waɗanda nike so, shi niy yi maku."

Hajiya tana nan tsaye aka fara rabon abincin rana, don gidan ba ya jiran kowa. Ta ga an jere kwanuka, na fadama daban, na Kaka daban, yara sun kewaye tire suna ci ba mai kuka ba mai ƙwace. Ta tuna tsakar gidanta. Ƙamshin miyar ma bai taimaka mata ba, don ko karyawa ba ta yi ba ta fito.

A hankali ta zauna kan tabarmar da ta ƙi. "Ke, zubo man in ji abin da ɗana ka ma kuka."

Ta ci, ta ƙara. Ba ta yaba ba, don ba halinta ba ne. Sai da ta wanke hannu ta ce a yi mata iso wurin Malam Sallau. Abin da ta faɗa masa a zaure babu wanda ya ji duka, amma an ji ta ce, "Malam, na yi kuskure, kuma cikin azumi." Da za ta tafi ta ɗauki ƙullinta da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayar yadda ake jiƙa kauɗa.

Bayan an buɗe kasuwanni aka ɗaura aure a Bakura. Da yamma, da aka kawo amarya Mafara, Hajiya Larai ta kama hannunta gaban matan nan da suka ga an ɗaga cokali, ta ce, "Wagga ɗiyata ta. Wadda duk tat taɓa ta, ni tat taɓa. Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zuri'a mai jin ƙai, shi sa tukunyarku ta ishe ku har ta ishi maƙwabta." Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.

Da mutane suka ragu, Anas ya matso kusa da ita yana washe baki. "Malamata, yanzu dai komi ya wuce ko?"

Raliya ta ɗan ɗaga mayafi ta dube shi. "Na yahe ma Inna, don ita ba ta san ni ba. Kai ka san ni."

Murmushinsa ya ɗauke. Ya ce, "Gaskiya ta. Na ji tsoron hushinta, na bari ya sauka kanki. Ba ni sake barin ki ke ɗai, ko gaban wa."

Idonta ya ciko. Wannan maganar take jira tun azumi. Ta miƙa masa hannu.

"To zauna, angona. Hushi ya gajiyar da ni."

Allah ya bar su tare, ya sa albarka a gidansu.