Ta Wutsiyar Ido

Kalilu ɗan safiyo, yaron wani Bature mai awon ƙasa, ya saci jiki da madubin hangen nesan Baturensa zuwa bakin hanyar Awe. So yake ya ga ɗan hayaƙin nan da aka ce yana ƙarƙashin taurari uku masu jere. Ya duba har idonsa ya yi ruwa, babu komai.

Kukan gyare ya ɗauke ɗif.

"Ɗana, ba a kallonsa kai-tsaye," in ji muryar wata tsohuwa a gefensa. "Ta wutsiyar ido ake ganinsa."

Ya gwada. Ga shi kuwa, fari-fari!

"Na gode, Iya!" Ya juyo. Ba kowa, sai hanya fayau.

Ya ɗan kawar da ido gefe. Tana nan tsaye dab da kafaɗarsa, tana murmushi.