Abin da Sabuwar Kyamara Ta Nuna Mini

Shekara tara wani dattijo yana zuwa shagona ɗaukar hoto, kullum dab da rufewa, kuma hotonsa bai taɓa fita tas ba. Ni kuwa sai in ɗora laifin a kan tsohuwar kyamarar da na gada wurin mahaifina.

Ranar da na sayo sabuwa, mai nuna har ramukan fata, na tsaya bayan isha'i ina gwada gilasanta biyu. Ina ɗagowa sai ga shi a kan kujera. Ban ji motsin ƙofa ba. Shagon ya ɗauki warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Na ce, "Sannu da zuwa, Baba. Yau kam za ka fito fes."

"Cire gajeren nan, ɗana," ya ce, muryarsa kamar daga cikin rijiya. "Sa dogon. Shi mahaifinka ya sa mini ranar ƙarshe."

Na so in ce na tashi aiki. Hannuwana suka canza gilashin da kansu. Na danna.

Hoton ya fito tas. Na jawo fuskarsa a allo har cikin ƙwayar ido, inda mai hoto kan hango kansa. Ga fitilata, ga kyamarar a kan ƙafafunta. Amma wanda ke tsaye bayanta ba ni ba ne. Mahaifina ne, mai shekara tara da rasuwa, ya ɗaga tafin hannu yana hana ni dannawa.

"Saura hoto ɗaya," in ji dattijon. "Matso kusa."

Ƙafafuna suka fara tafiya.