Baƙon Barandar Coci

Matar fasto, wadda ke sharar barci tun kafin mijinta ya kai rabin wa'azi, ta ce in na sake buɗe wa marasa gida barandar coci, za ta ƙwace makullina da tsintsiyata.

Na ce, "Mama, ƙwace mana. Ubangiji Mai ɗakin dai bai hana ba."

Daren nan ana tafka ruwa, wani ya ƙwanƙwasa. Na buɗe, na ga rigarsa a bushe ƙayau.

"Kaka, ba kya tsoron a kore ki?"

Oho, wa ya gaya masa?

"Su kora! Miƙo ƙafa in wanke maka."

Na ɗaga ƙafar, sanyi ƙalau. Sai na hango hasken fitilata ta cikin wata hudar ƙusa a tsakiyar tafinta.