Maginin da Ba a Gaya Masa

A wani gari an yi wani magini mai ji da kansa. Ƙwanƙwasa ɗaya yake yi wa bulo ya gane na banza. Shi ke nan, duk wanda ya ba shi shawara sai ya ce, "Ni za a gaya wa?"

Wata rana ya faɗo daga tsani, ƙugunsa ya bugu. Likita ta ba shi ƙwayoyi masu ƙarfi na kashe ciwo, ta ce, "Ɗaya da safe, ɗaya da yamma. In sun ƙare ka dawo wurina."

Ya ce, "Ni za a gaya wa?" Cikin kwana biyu ya shanye na mako guda.

Maimakon ya koma, ya tare mai tallar magani a tire, ya sayo irinsu. Matarsa ta murza kwalin da yatsa, rubutun ya goge. Ta ce, "Maigida, wannan jabu ne. Ko ranar lalacewa babu a jiki. Kai bulo ka sani."

Ya ce, "Ni za a gaya wa?" Ya watsa uku a baki.

Kafin azahar ya zube, numfashi na fita da ƙyar. A baronsa na kwasar yashi aka tura shi asibiti, ƙafafu na reto, gari na kallo. Da ƙyar likita ta ceto shi.

Da ya buɗe ido, matarsa ta sunkuyo ta ce, "Maigida, yanzu a gaya maka?"

Kai kawai ya gyaɗa.