Gawar Baraniko a Gindin Kwakwa

Rana ba ta gama fitowa ba aka tsinci gawar tsoho Baraniko a gindin bishiyar kwakwarsa, a wata unguwa ta bakin teku a tsibirin Betio. Yana kwance rigingine, ƙeyarsa a fashe. Kafin Sajan Teuea ya iso a kan babur, maƙwabta sun gama yanke hukunci: tsoho ya hau tatsar ruwan kwakwa kamar kullum, ƙafa ta zame.

Sajan ya ratso ta lungu, kafaɗunsa na gogar kwanon gidaje hagu da dama. Filin Baraniko ɗan mitsitsi ne, amma mutum ashirin da uku ke kwana a kansa: 'ya'ya, jikoki, da dangin da jirgin ruwa ke saukewa daga ƙananan tsibirai, su zo asibiti ko neman aiki su ƙi komawa. Rumfunan kwana da aka ɗora a kan turaku, turken alade, rijiyar ruwan zartsi. A tsakiya, inda ƙasa ta fi tudu, kabarin matar tsohon ne, an zagaye shi da bulo mai shuɗin fenti, an shimfiɗa fararen tsakuwa a kai. Teku ta cika da asubahin nan, ta tsallako katangar da aka yi don tare ta, ta jiƙa ƙasan rumfar da ta fi kusa da ita.

Ya durƙusa kusa da gawar. Babu wuƙa a ƙugun tsohon, babu kwalabe a kusa.

"Tioti, hau ka dubo mini sama," ya ce wa kurtun da ya biyo shi.

Kurtu Tioti ya cire takalmi ya hau yana nishi. Ya leƙo daga cikin ganye.

"Kwalaben jiya ne, Sajan. Sun cika har suna zuba. Ba wanda ya taɓa su."

Sajan ya shafa gashin tsohon, fararen tsakuwa ƙanana suka zubo a tafinsa. Ƙasar gindin bishiyar kuwa baƙin rairayi ce, an share ta tas, ga zanen tsintsiya. Ya sa aka ɗaga gawar a kan tabarma. Ya daɗe yana kallon inda ta kwanta.

"Wa ya fara ganinsa?"

Wata mace siririya ta matso, jariri a kafaɗa. Nei Arenga ce, 'yar autar tsohon. Mijinta ya tafi tsinkar tuffa a New Zealand, ya bar ta da yara uku a rumfar bakin katanga.

"Ni ce," ta ce. "Na share tsakar gida, babu kowa a nan. Na je layin famfo. Da na dawo na ga Baba a ƙasa."

"Kin ji waƙarsa yau?"

Duk mai tatsa a Betio da waƙa yake hawa, kuma muryar Baraniko ce ke tada rabin unguwar.

"Teku na ta ruri," ta ce. "Ban ji ba."

Ya tambayi sauran ɗaya bayan ɗaya. Gidan da in mutum ya yi tari a wannan rumfa ake ce masa sannu daga waccan, amma yau ba wanda ya ji komai. Sai wata gwaggo ta ce a tambayi Bauro, maƙwabcinsu.

Bauro na bakin hanya yana zuba kifi a roba, matarsa na korar ƙudaje.

"An ce ka rantse sai ka fasa kan tsohon nan," in ji Sajan.

"Na rantse, kuma a gaban jama'a." Bauro ya goge hannu a wando. "Ya ɗaga katangarsa, ruwan da ya kamata ya shiga gidansa ya juyo gidana. Bishiyoyina duk gishiri ya kashe. To in yi masa godiya?"

"Ina kake da asuba?"

"Ka tambayi kifin nan, shi ya ganni. Mu huɗu ne a kwalekwale tun jiya da yamma. Mun shigo gaɓa muka tarar ana kuka."

Sajan ya danna cikin kifin da yatsa, ya duba ido. Sabo ne. Sauran masuntan uku suka faɗi abin da Bauro ya faɗa, kuma ɗayansu ba ya ko gaisawa da shi.

"In kana neman mai jin haushin tsohon, ka duba cikin gida," Bauro ya ƙara. "Ioteba, ɗan ƙanwarsa. An ce masa ya kwashe matarsa da 'ya'yansa ya bi jirgi ya koma tsibirinsu, Nonouti, gida ya cika."

Ioteba yana zaune bayan turken alade, kai a tsakanin gwiwoyi, yana warin bammi.

"Kawunka ya kore ka?"

"Ya kore ni. In koma Nonouti in yi me? In busar da kwakwa in zauna jiran jirgin da ba ya zuwa? Yarinyata tana makaranta a nan."

"Shi ya sa ka buge shi."

Ioteba ya ɗago jajayen idanu, ya nuna Tioti da haɓa. "Tambayi wannan mai ƙaton takalmin. Shi ya tashe ni da ƙafa."

Tioti ya sosa ƙeya. "Gaskiya ne, Sajan. A wajenmu ya kwana a kulle. Ya bugu ya yi faɗa a bakin kanti, sai da gari ya waye na buɗe masa."

Sajan ya bar su, ya zagaya kabarin. Ta gefen da ke kallon turken alade an jingina ganyen kwakwa. Ya ɗaga da ƙafa. Bulo shida babu, sai ramukansu a ƙasa, da ɗanshi. A kusurwar bulon da ya rage akwai wani tabo mai duhu da aka wanke bai fita ba.

Daga nan ya gangara katangar teku, bayan rumfar Nei Arenga. Tsohuwar katanga ce ta duwatsu da buhunan rairayi da tayoyi. A tsakiya akwai giɓi da aka toshe da bulo, an jera su a gaggauce. Ya zaro ɗaya ya juya shi. Shuɗin fenti.

Nei Arenga na zaune a bakin rumfar tana shayar da jariri. Ta ga bulon a hannunsa. Ba ta motsa ba.

Sajan ya zauna a kan wani bokiti da aka kife, ya yi ƙasa da murya.

"Nei Arenga, mahaifinki bai hau bishiyar nan ba yau. Wuƙarsa na soke a rufin rumfarsa, kwalaben jiya na sama. Tsakuwar da ke cikin gashinsa ta kan kabarin mahaifiyarki ce. Can ya faɗi."

Ta gyara wa jaririn kwanciya.

"Kin ce kin yi shara kafin ya faɗi. Da na ɗaga shi, busassun ganye ne a ƙarƙashinsa, da ɓawon kwakwa. Tsintsiyarki ta zagaye shi ne, ba ta bi ta ƙarƙashinsa ba. Yana kwance a nan kika yi sharar, don ki goge sawun jan da kika yi masa."

Can ta yi magana, idonta a kan teku.

"Wancan watan da ruwa ya shigo, a ƙafata na ji shi. Na laluba ban ji yarona na tsakiya ba, ashe ya gangaro daga rumfa, a ƙarƙashinta na tsamo shi. Na ce Baba, a ba ni wurin kabarin in matsar da rumfata. Ya ce uwata ta riga ni. Na ce to a ba ni bulon kawai. Ya ce in jira mijina ya aiko da siminti." Ta yi wata gajeriyar dariya. "Mijin da ya daina ɗaukar waya."

"Yau da asuba fa?"

"Katanga ta ɓalle. Ina jin duwatsu na gangarawa. Na je na fara ciro bulon. Na kai biyar, ina ɗauke da na shida ya fito. Ya riƙe bulon, na riƙe. Ya ce, 'Ke, uwarki za ki tsiraita?' Na ce, 'Baba, uwata ba ta jin sanyi.' Ya ja, na ja." Ta dubi jaririn. "Sai na tura."

"Da ya faɗi, yana numfashi?"

"Yana yi."

"Kin kira wani?"

"Ruwa na shigowa," ta ce. "Na kai bulon tukuna. Da na dawo ya daina."

Sajan ya dubi tsakar gidan. Mutanen gida duk suna nan, kowa ya sami abin da yake yi da hannunsa. Gwaggon da ta tura shi wurin Bauro tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Ya gane sun ji komai tun asuba.

"Sai ki tashi mu je," ya ce.

Ta miƙa jaririn ga yayarta, ta kira manyan yaran biyu ta ce su yi wa gwaggo biyayya. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki zane ɗaya ta bi Tioti cikin lungu.

A baya, maza sun fara gardamar inda za a haƙa wa tsohon rami. Wani ya ce a tashi turken alade, wani ya ce ƙasar can da an haƙa ruwa ne. Sajan ya ɗaure bulon a bayan babur, ya waiwaya sau ɗaya kafin ya shiga lungu.

Matar Ioteba ta riga ta hau rumfar Nei Arenga. Ta naɗe tsohuwar tabarmar ta tura gefe, tana shimfiɗa tata.