Motar da Ba a Hawa da Hunturu

Ƙarfe uku na yamma duhu ya riga ya rufe ƙauyen, kamar yadda ya saba a watan Disamba a can arewacin duniya. Vegard ya ɗauko 'yarsa Tuva daga makaranta, ya biya kanti ya sayi madara da burodi, ya zo ya ajiye Tsohuwa a ƙofar gida. Tsohuwa sunan da suke kiran motarsu ke nan, doguwar shuɗiyar mota mai gado da murhu da labule a ciki, irin wadda ake fita yawon bazara da ita. Ta girmi Vegard da shekara biyar. Injinta a baya yake, ɗuminsa ba ya isowa ƙafar direba, sai ka gan shi yana tuƙi da safar hannu, yana kankare ƙanƙarar gilashi da bayan cokali.

Suna cikin cin kifi da dankali wani abu ya faɗo a kan rufi. Ƙwas. Shiru. Can kuma ƙwas, ƙwas, sai ya ɓarke kamar ana watsa gero a faranti.

Vegard ya fita da tocila. Ba kowa, ba sawun kowa a kan dusar ƙanƙara. Tsakuwa ce zube a ƙofar gida, baƙar tsakuwar nan da ake haɗawa da gishiri a watsa a titi don santsi. Da ya dawo ciki ya tarar Tuva ta ajiye cokali, ta zuba wa tagar da ke kallon motar ido.

"Baba," ta ce, ba ta ko juyo ba, "ta gaji."

"Wa ya gaji?"

Ta ci gaba da cin abincinta kamar ba ita ta yi magana ba.

To, ga yadda abin yake. Motar ta mahaifin Maren ce, matar Vegard, wadda ta rasu a farkon bazarar shekarar nan. Duk mai irin wannan mota a yankin ya san ba a hawanta da hunturu, domin gishirin titi cinye ƙarfenta yake yi. Oktoba na ƙarewa ake kai ta sito a rufe sai watan Mayu. Haka tsohon ya yi shekara talatin, haka Maren ta yi bayansa. Takan cire batir, ta ja labule, ta bar ƙaramin kabad ɗin ƙarƙashin murhu a buɗe, ta ƙwanƙwasa ƙofar motar sau biyu, sannan ta rataye makulli a ƙusa. Vegard ya ɗauka dabarar hana raɓa ce da kuma shirmen al'adar da ta gada. Bai taɓa tambaya ba.

A bana bai kai ta sito ba. Ɗaya motar tasu ta yau da kullum ma ya bar wa ƙanensa, ya mayar da Tsohuwa ta zuwa aiki da makaranta da kanti. Maƙwabta suna yi masa dariya idan ta ƙi tashi da safe. Surukarsa Oddny, uwar Maren, ita ba dariya take yi ba.

"Kai dai Allah ya yi maka taurin kai, Vegard. Mijina da ya saye ta bai isa ya taɓa ta da hunturu ba, sai kai gwanin duniya?"

"Ina wanke mata gishirin duk Asabar, Oddny."

"Gishiri! Wa yake maganar gishiri? Mayar da ita inda ka san ana ajiye ta."

Bai mayar ba, kuma dalilinsa bai faɗa wa kowa ba. Tun makon farko na Nuwamba, idan injin ya yi zafi a doguwar hanyar bakin ruwa, yakan ji wata murya can baya tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, baki a rufe. Waƙar da Maren ke rerawa ce idan tana dafa kofi a murhun motar, har da inda numfashinta yake yankewa. Ranar da ya fara ji sai da ya tsaya a gefen titi ya yi kuka kamar ransa zai fita. Daga ranar ya shiga ƙirƙiro wa kansa aike. Mutumin da ya rasa matarsa, ka ce masa ya kulle muryarta a sito wata shida? Bai iya ba, kuma kullum Tuva na zaune a kujerar baya.

Jifan bai tsaya a rana ɗaya ba. Kullum duhu na sauka yake farawa. Suka fara tsintar gishirin titi a cikin sukari, a cikin takalmi, a ƙarƙashin matashin kai. Tuva ta daina wasa, ta daina dariyar nan tata mai cika gida. Tafin ƙafarta ya tsattsage ya yi ja, likita ya ba da man shafawa, ya ce bai ga dalili ba. Wata ranar Alhamis malamarta ta kira Vegard a wurin aiki ta ce an nemi yarinyar an rasa. A wurin ajiye motocin ma'aikatarsu ya same ta, tafiyar kilomita huɗu daga makaranta, ba rigar sanyi, ta duƙunƙune cikin Tsohuwa a gaban ƙaramin kabad ɗin nan, alhali motar a kulle take, makulli na aljihunsa.

Ya ɗago ta, jikinta sanyi ƙalau. Ta buɗe ido ta dube shi, sai wata murya mai kauri ta tsohon namiji ta fito daga bakin 'yar shekara goma sha ɗaya.

"Nan ya fi ɗumi. Nan kuma ba a jijjiga ni."

A nan wurin Vegard ya kira Oddny a waya.

Washegari Oddny ta zo da Aslak. Tsoho ne daga can ƙarshen gaɓar teku, cikin masu karatun nan da ake kira idan jini ya ƙi tsayawa ko gida ya ƙi zaunuwa. Ba ya karɓar komai, ba ya kuma son a gode masa. Ya cire takalmi, ya sha kofinsa a natse, sannan ya ce a kwantar da yarinyar a doguwar kujera. Ƙarfe biyu da rabi ne, ɗan hasken da ya rage yana mutuwa a bayan duwatsu. Ya fito da wani tsohon littafin addu'a da zare ya riƙe bangonsa, ya ɗora hannu a goshin Tuva, ya fara karatu can ƙasan maƙoshi.

Ya daɗe yana yi. Tsakuwa ta fara sauka a rufi, ta tsananta, ta ɗauke ɗif. Tuva ta tashi zaune a sandare.

"Ɗauke hannunka, tsoho. Yana ƙona ni."

"Da sunan Allah nake tambayarka. Wane ne kai, me ka zo nema jikin yarinya?"

"Ni ba zuwa na yi ba, kora ta aka yi. Shekara arba'in ina hunturu a motar nan. Da mai ita na farko muka yi alkawari: bazara tasu, hunturu nawa. Ya cika, 'yarsa ta cika, har ƙofa take buɗe min, ta yi min sallama. Sai wannan." Yatsan Tuva ya nuna Vegard. "Kullum cikin gishiri, kullum cikin ƙara. Dubi ƙafafuna."

Oddny ta toshe baki da hannu tana kallon ƙafar jikarta.

"Mutumin nan bai sani ba," in ji Aslak. "Yau za a mayar da ita sito, a koma kan alkawarin da. Ka saki yarinya."

"Na da ya karye. Yanzu duka nake so, hunturu da bazara. Kada a sake buɗe ƙofarta har ta ruɓe a inda take."

Vegard ya zabura. "Maren tana ciki! Ina jin ta, kullum ina jin ta!"

Dariyar da ta fito daga bakin yarinyar ba ta da daɗin ji ko kaɗan.

"Matarka tana inda kuka binne ta. Ni ne. Duk shekara tana rera waƙar nan tana shirya min wuri, ba sai na iya ba? Don in lallashi kaina nake rerawa, kai kuma ka ji ka ƙara wuta." Kan Tuva ya karkata wajen Vegard. "Amma mu yi ciniki. Ka bar min yarinyar nan, ba na cutar da ita, zama kawai nake yi. Kai ka riƙe motarka, in riƙa yi maka waƙar. Har magana zan yi maka."

"Kada ka saurare shi," in ji Aslak, ya miƙo tafin hannu. "Ba ni makullin."

Sai fuskar Tuva ta yi laushi, muryar ta sauya. Muryar Maren ce sak, da ɗan dishi-dishin nan nata na safiya.

"Vegard, kada ka rufe ni a duhu. Sanyi nake ji."

Makullin yana hannunsa. Ya san ƙarya ce, yanzun nan aka gaya masa ƙarya ce, amma yatsunsa suka ƙi buɗewa. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai agogon bango. Hannun Aslak na miƙe. Vegard na tsaye yana kallon bakin 'yarsa, yana jiran ya sake motsawa.

"Vegard!" Oddny ta daka masa tsawa, hawaye na zubo mata. "Ni na haife ta, ni na rufe mata ido! Wannan da ke gabanka ita ce mai rai, sakarai!"

Ya saki makullin a tafin tsohon.

Cikin duhun yammacin nan suka tura motar cikin sito da hannu, ba a ta da injin ba. Oddny ta ja labule, ta buɗe ƙaramin kabad, ta ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu. Aslak ya yi karatu a bakin sito, ya sa aka buga katako a ƙofar, makullin kuma ya tafi da shi. A daidai lokacin Tuva ta yi atishawa uku a falo, ta ɓingire da barci, ba ta farka ba sai washegari da rana. Jifa ya tsaya. Cikin mako biyu ƙafarta ta warke.

A watan Janairu suka fara bin bas. Hanyar tasha ta gaban siton ta bi, kuma duk safiya Vegard yakan sunkuyar da kai ya ƙara sauri, don wani lokaci iska na kawo masa waƙar ta tsakanin katako. Tuva ta koma cin abinci, ta koma karatu, amma ta daina riƙe masa hannu. Ya ɗauka girma ne.

Wata safiya suna tsaye suna jiran bas ya miƙa hannu zai gyara mata hula, ta kauce.

"Me na yi miki, 'yar Baba?"

Ta yi magana idonta na kan titi.

"Ranar nan ina jin komai, Baba. Bakina ne kawai ba nawa ba. Da Aslak ya ce ka ba da makulli, sai na fara ƙirgawa a zuciyata." Ta ɗago ta dube shi, ba fushi a idonta, ba hawaye. "Har goma sha tara na kai."

Bas ya iso. Ta shiga ta zauna kusa da wata mata da ba ta sani ba, shi kuma ya tsaya a tsaye har suka isa gari.