Motar Da Ba Ta Ciwo A Gabansa

Ranar da ta fara shigowa garejin yana kwance ƙarƙashin wata mota, don haka takalmanta ya fara gani. Ya turo kansa waje yana goge hannu, ya tarar da budurwa riƙe da makulli, idonta jawur kamar wadda ta sha kuka a hanya.

"Kai ne mai duba motoci masu caji?"

"Ni ne. Me take yi miki?"

"Noƙewa take yi. In taka totur zan shiga babban titi, sai ta yi shiru kamar mai shawara, can kuma ta fizga. Kuma babana nake ɗauka a cikinta."

Motar irin mai batir da inji ce, wadda ake jona wa wuta a gida. Batir ke jan ta, idan ya yi ƙasa inji ya tashi ya karɓa. Babanta ya saye ta da ya ajiye aiki, kafin ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Yanzu ita ke kai shi wankin ƙoda a asibitin ƙarshen gari, ta jira shi, ta dawo da shi gida.

Ya jona kwamfutarsa, ba ta nuna komai ba. Ya zagaya da motar, ta tafi sumul. Da ya dawo ya dubi allon gabanta, ya yi murmushi.

"Haba Direba, haka ake barin batir da yunwa? Ko ni ne ai zan yi yaji."

Wasa ya yi. Ita kuwa kunya ta rufe ta har kunnuwanta suka ɗau zafi, ta yi wa kanta alƙawari ba zai ƙara ganin batirin nan a ƙasa ba.

Motar ba ta daina ba, ita ma ba ta daina zuwa ba. Ya wanke abin da ake wankewa, ya sabunta manhajar, ya ɗaure wayoyi. Duk zuwan da za ta yi, motar sai ta zama mutuniyar kirki a gabansa. Zuciyarsa dai ba ta yi wannan kawaicin ba. Abokan aikinsa in sun hango jar motar sai su hau tarin ƙarya. In ta tafi kuma, sai saƙonnin waya su fara kai da komo tsakaninsu.

"Direbata, kin isa lafiya? Yau na ɗaure noti ɗaya har sau biyu, ke ce sanadi."

"Injiniyana, mun iso, Baba ya yi barci. Ka dai ci abinci, na ga ka rame. Ka bar notin mutane ya huta."

Da magana ta yi nisa ya je gaida iyayenta. Mama ta karɓe shi hannu bibbiyu. Baba ya amsa gaisuwa daga kujerarsa, ya ƙare masa kallo.

To, akwai ɗan aminin Baba, dillalin motoci, mai turare da yawan zuwa dubiya. Ya daɗe yana son ta, ta daɗe tana kiran shi Yaya don ya gane. Shi ne ya zauna kusa da Baba ya ce, cikin murya mai taushi, "Baba, ni dai ban ce komai ba. Amma bakaniken da ya ga mota na kawo masa budurwa, me zai sa ya yi saurin gyara ta?"

Maganar ta zauna a ran Baba, tana jiran ranarta.

Ranar kuwa ta zo wata yamma suna dawowa daga asibiti. Baba na kwance a baya, jiki duk ya saki, auduga manne a hannunsa. Ta iso inda ake shiga babban titi, ta ga sarari, ta taka. Motar ta saka kai cikin titin, ta yi ɗif. Ga tirela tafe tana zuba hon. Ta danne totur har ƙasa tana salati, babu abin da ya motsa sai zuciyarta. Sai da iskar tirelar ta girgiza su sannan injin ya farka ya fizge su gefe.

Baba ya bugu da ƙofa, inda aka cire allura ya ɓalle da jini.

A gida, bayan an ɗaure hannun, ya kira ta.

"Ɗayan biyu ne. Ko bai iya aikinsa ba, ko ya iya ya bar ki cikin haɗari don ya riƙa ganinki. Ba zan tilasta miki kowa ba. Amma muddin ina numfashi ban yarda da shi ba. Motar kuma na ce yayanki ya zo ya ɗauke ta gobe da yamma ya sayar."

Ta durƙusa ta kama ƙafarsa tana kuka. Ta san ba za ta yi aure babu albarkarsa ba, ta kuma san yadda yake ƙara ramewa kullum. Tsoronta kada ya tafi da wannan kalmar a bakinsa. Mafi muni, wani lungu na zuciyarta ya fara tambayar ko gaskiya ne.

"Ka faɗa min tsakaninka da Allah. Da gangan ka bar ta?"

Saƙon ya same shi yana cin abinci, ya ture kwanon. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira har wayar ta yi zafi.

"Direbata, da in saka ki a haɗari gara hannun nan ya shanye. Na rasa inda ciwon yake ne. Ki ɗauki waya, don Allah."

Sai da safe amsarta ta shigo.

"Ni ma na rasa yadda zan yi. Duk abin da ka ce na yi. Tun ranar da ka yi min dariya ban ƙara kawo maka ita ba sai na kwana ina cajinta ta cika fal, don kada ka ce ni sakarya ce. Yau da yamma za a ɗauke ta. Ka yafe min."

Ya karanta, ya sake karantawa, ya zauna a kan taya. Da cikakken batir motar ba ta neman taimakon inji. Ciwon yana wurin miƙa aiki ne, lokacin da batir ya ƙare a hanyar zuwa asibiti, inji kuma ya huce a wurin ajiye motoci. Ranar farko da zafin inji ta zo, sauran ranakun da cikakken caji. Bai taɓa ganin motar a halin da take cutar da ita ba, kuma bai taɓa tambaya ba. Wasan bakinsa ne ya rufe masa ido.

Ya suri kwamfuta ya fita ko izini bai nema ba.

Maƙwabci ne ya tuƙo su asibiti a jar motar ranar don a duba hannun Baba, ita kuwa ta tsorata da tuƙi, ya ajiye su ya wuce aikinsa. Da ta fito riƙe da Baba, suka tarar da bakaniken tsugune gefen motar, rigar aiki duk baƙin mai. Ya bayyana komai yana haɗa kalmomi. Ita ta rufe baki da mayafi, hawaye na zuba.

Baba ya jingina da motar yana haki.

"Ka ce yanzu ne za ta yi?"

"Yanzu ne, Baba. Batir ya ƙare, inji ya yi sanyi."

"To buɗe mu shiga. Ka ja mu zuwa inda ta yi rannan, in gani da idona. In ta yi, na yarda kuskure ne. In ba ka kai ni ba, babu sauran magana."

Ta dube shi da idon roƙo. Ga damar da suke nema, an ɗora masa a tafin hannu. Ya kalli makullin da Baba ke miƙo masa, ya kalli audugar hannun, ya kalle ta.

"Ku gafarce ni, Baba. Ba zan saka ku a cikinta ba, ba zan saka ta ba. Na san za ta noƙe, ban san me ke tafe a titin ba."

"Ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji."

"Don Allah," ta ce a hankali. "Sau ɗaya ne."

Ya girgiza kai, bai yarda ya haɗa ido da ita ba. Ya karɓi makullin, ya je bakin ƙofar asibitin ya taro musu tasi, ya tallafa wa Baba ya zauna, ya rufe ƙofar a hankali. Tana waige tana kuka har suka sha kwana.

Shi kaɗai ya gwada motar, a wani fili bayan asibitin inda ko akuya babu. Takun farko ta yi ɗif, kwamfuta ta kama ta: kulocin da ke haɗa inji da sauran motar ne ke makalewa in ya yi sanyi. Ya sa aka ja ta zuwa gareji, ya tura wa Mama saƙo kada a sayar wa kowa ita sai an canja shi. Ya gama ya zauna yana kallon bango, don ya gano ciwon a ranar da ya rasa mai motar.

Wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Kai ne mai taurin kan nan?" Muryar Baba ce, a gajiye.

"Ni ne, Baba. Na samu hujja a kwamfuta, in kun ba ni izini..."

"Riƙe kwamfutarka, ban iya karanta ta ba. Na miƙa maka 'yata a bakin mota, ka mayar min da ita cikin tasi. Na gama ganin abin da zan gani. Ka turo manyanka, kuma kada su yi nawa, ni ba mai dogon jira ba ne yanzu."

Kafin ya share ido saƙonta ya shigo.

"Injiniyana, na yi fushi da kai tun daga asibiti har gida. Yanzu na huce. Ka yafe min tambayar da na yi maka."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Dillali ya zo da turarensa, ya yi addu'a ya tafi da wuri. Baba ya sa aka zaunar da shi a tsakiya, ya kama hannunsu biyu ya haɗa cikin nasa da ya rame.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ke kuma, in abu na ciwo, ki kai masa shi yadda yake, ki daina gyara shi a hanya."

Mama ta ce amin tana dariya tana share ido.

Ranar wankin ƙoda ta gaba, ango ne a sitiyari, amarya a gefensa, Baba a baya. Suka iso bakin babban titi. Ta riƙe numfashi, ya taka, motar ta shiga sumul. Ta waiga ta gaya wa Baba, ta tarar ya riga ya yi barci.